Mai Bin Kunkuru a Ƙasan Teku

A wani tsibiri can tsakiyar teku, an yi wani mutum wanda kome aka faɗa masa sai ya ce, "Ai na sani." Ƙanwarsa gwanar nutso ce. Ran nan ya ce shi ma sai ya ga ƙasan teku.

Ta goya masa tukunyar iska, ta ce, "Yaya, ka riƙa duba agogon nan, shi ke nuna sauran iskarka."

"Ai na sani."

"Kada kuma ka yi nisa da ni."

"Ai na sani."

Suka nutsa. Ga kifaye ja da shuɗi, ga wani ƙaton kunkuru yana iyo abinsa. Gogan naka ya bi kunkuru, ya manta agogo, ya manta ƙanwa. Can ya ja numfashi, ya ji wayam! Ido ya raina fata. Allah ya sa tana biye da shi. Ta cusa masa bututun iskarta a baki, suka hau sama a hankali.

A kwalekwale ta ce, "Yaya, kunkurun ya ce a gaishe ka."

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gobe ki sake mini bayanin daga farko. Kada ki yi sauri."