Ɗigon Jan Farce a Na'urar Kogi

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto Crispín Aveiro yana tsotsar tereré, shayin ganye mai sanyi, a gindin mangwaron caji ofis, sai ga Don Fermín Riquelme, shugaban ofishin lura da kogi, ya shigo yana huci.

Kwamfutar da ke aika wa ƙauyukan bakin ruwa saƙon gargaɗi ta kwanta tun Juma'a, ga kogi yana ta cika. Sunan mai laifi ma ya zo da shi: Dalila Ocampos, mai kula da na'urar.

"Na hana ta ƙarin girma, shi ne ta rama," in ji shi. "Wai za ta sabunta manhaja, ta kashe mana abu."

Crispín ba ya son mai ƙarar da ya gama bincike tun daga gida. Amma zagon ƙasa ga kayan gwamnati ba wasa ba ne, shekaru ake kwashewa a gidan yari. A ranar Dalila ta kwana a bayan kanta.

Washegari da safe ya tarar ta yi baƙo. Osmar Villalba ne, mai riƙe da sito a ofishinsu, ya kawo mata chipa, burodin rogo, mai zafi a takarda, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ki amsa kawai, ƙanwata. Ki ce kuskure ne. Alƙali yana tausaya wa mai amsa laifi."

Sufeto ya sallame shi, ya ja kujera ya zauna. Abin da ya fara lura da shi farcenta ne, ja wur.

"Me kika yi wa na'urar?"

"Abin da nake mata duk wata, yallaɓai. Tsarinmu ba dafaffe yake zuwa ba. Ɗanye ake sauko da manhajar, kwamfutar ta harhaɗa da kanta, awa huɗu ko biyar. Ranar Juma'a sai ta faɗi a tsakiya. Sau uku ina sakewa, sau uku tana faɗuwa, kuma kowanne a wuri daban."

"To sai me?"

"In kuskuren a manhajar yake, a dutse ɗaya za ta riƙa tuntuɓe kullum. In yau nan ne gobe can, ba hanyar ba ce, ƙafar ce ba lafiya. Akwai abin da ya lalace a cikinta. Na ce wa Don Fermín ya ba ni makulli in buɗe, ya ce in je in yi wa 'yan sanda bayani."

Crispín bai yarda da ita ba. Ya sha ganin masu ilimi suna lulluɓe ƙarya da manyan kalmomi. Ya sa ta a mota suka nufi ofishin.

A gabansa ta sake gwadawa. Rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, ya tsaya cak a minti na tara. Sufeto ya kwafe layin ƙarshe a littafinsa. Ta sake, wannan karon sai a minti na ashirin da uku, kuma layin daban.

"Makullin akwatin kwamfutar, Don Fermín," in ji Sufeto.

"Ba ya rabuwa da jikina," in ji shugaban. Ya laluba aljihu, ya sake lalubawa, daga ƙarshe ya zaro shi daga gwangwanin ganyen tereré da kowa a ofis yake ɗiba.

Wani sajan da ya rako su ya kwance murfin. Faifan ƙwaƙwalwa huɗu ne a jere. Biyu sababbi ne, biyu kuwa tsofaffi, kowanne da ɗigon jan farce a gefensa. Crispín ya dubi ɗigon, ya dubi hannun Dalila, ransa ya ɓaci, don ya fara jin tausayinta.

"Naki ne?"

"Nawa ne. Duk abin da ya mutu nakan ɗiga masa ja in miƙa sito, kada wani ya sake sa shi. Waɗannan tun bara na cire su daga tsohuwar kwamfuta."

Ta buɗo masa tarihin da na'urar ke ajiyewa da kanta. An kashe ta ranar Laraba da ƙarfe ɗaya da minti goma na rana, aka kunna bayan kwata. Dalila ta ce a lokacin tana cikin kwalekwale tana duba ma'aunin ruwa. Sufeto ya kira mai jirgin a waya, ya tabbatar, har da ƙorafin ta sa shi ya rasa abincin rana.

"Kai fa, Don Fermín?"

"Ina kan teburina."

"To a gabanka aka buɗe akwatin ke nan."

Shugaban ya share gumi. Gaskiyar magana yana gida yana barcin rana har ƙarfe uku, kamar kowace Laraba.

Saura Osmar. Ya ce yana wurin likitan haƙori, matattun kaya kuwa tun watan Disamba ya zubar da su.

"Mu ga siton," in ji Sufeto.

Kwalin matattun kayan yana nan a saman kanta, cike da kaya masu jan ɗigo. Crispín ya ce wa Osmar ya buɗe baki a ga haƙorin da aka gyara. Osmar ya ƙi. Sajan ya fita wurin babur ɗin Osmar, ya dawo da ƙunshin takarda mai maiƙo, irin wadda ake naɗe chipa. Sababbin faifai biyu ne a ciki.

Osmar ya zauna a kan kwali.

"Wani ne a tsallaken kogi ya ce zai saya. Na ga ja, na zaci masu kyau ne ta ware. Kuma na kunna ta tashi, yallaɓai, kwana biyu tana aiki lafiya."

"Aika saƙo lungu ɗaya na ƙwaƙwalwar yake ci," in ji Dalila. "Harhaɗa manhaja kuwa ko'ina take taɓawa. Ba abin da ke ɓuya."

"Ban yi nufin a kama ki ba."

"Amma ka ce in amsa."

Sajan ya sa wa Osmar ankwa. Don Fermín ya matso yana neman kalmar ban haƙuri, Dalila ko kallonsa ba ta yi ba. Ta mayar da sababbin fayafayan mazauninsu, ta sake sa aikin. Crispín ya tsaya yana kallon agogo har rubutun ya wuce minti tara, ya wuce ashirin da uku, yana ta gudu.

Za a fita da Osmar ke nan Dalila ta buɗe jakarta, ta ciro chipar da ya kawo mata da safe, ko gutsura ba ta yi ba. Ta cusa masa a aljihun riga.

"Riƙe, yayana. Can sai yamma ake ba da abinci. Ni na kwana, na sani."