Tagar Baba

Ginin da ba a haska fuskarsa ba bai gama zama gini ba, kuma garin da ke barin manyan gine-ginensa cikin duhu bai san darajar kansa ba. Ciyaman na wani kamfanin inshora ne ya faɗi haka ran da aka buɗe sabon ofishinsu mai hawa tara. Aka yi masa tafi, aka kuma kafa maganar a jikin bango da haruffan ƙarfe.

Auta ba ta je bikin ba. Gidansu na tsallaken titi, a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da kicin. Daga ita sai Babanta, tsohon direban bas da ya bar aiki da hawan jini da asma, kyautar shekara talatin a kan hanya.

Mako biyu kafin bikin, gab da magariba, wani saurayi sanye da hular kwano ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

"Sannunku da gida. Don Allah aron taga nake nema."

"Aron me?" in ji Auta.

"Taga. Fitilu muke saitawa a ginin can. Wanda ke kan tsani ba ya ganin abin da yake yi, sai wani ya tsaya daga nesa yana ce masa ɗaga, sauke. Na zagaye layin nan kaf, ba inda ginin ya fito sosai kamar tagarku."

Baba bai taɓa hana baƙo ruwa ba, balle taga. Ya ce a shigo da shi. Saurayin ya tsaya a gefen gadon tsohon, waya a kunne, yana cewa, "Lamba bakwai, hagu kaɗan. Ya isa." Fitila goma sha biyu ce, aikin kwana biyu. Ya kwashe kwana tara yana yi. Auta ta lura an kai lamba bakwai hagu an dawo da ita dama har sau huɗu.

Rana ta goma saƙo ya shigo wayarta: "Lamba bakwai ta zauna tun ranar Talata. Ni ne na kasa zama. Ko zan iya dawowa ba don taga ba?"

Ta amsa: "Ai na gane tun ranar Laraba, Mai Fitila. Ka zo, amma ka bar hular nan a gida."

Shi kuma ya sa mata Haskena, don mai irin wannan sana'a ba shi da wani sunan a ajiye.

Abu ɗaya ne bai lissafa ba. Duk kwanakin da yake saiti, marmara ɗin da aka lulluɓe ginin da shi na rufe da ledar kamfani. Ran biki aka ɓare ledar, bango ya koma madubi. Da aka kunna fitilun gaba ɗaya, hasken ya daki bangon ya dawo daidai inda Mai Fitila ya tsaya ya auna shi: gefen gadon Baba. Aiki ya yi kyau matuƙa.

In aka toshe tagar da bargo, numfashin Baba ya sarƙe. In aka buɗe, ɗaki ya zama tsakar rana har wayewar gari. Ɗakin Auta ma titin yake kallo, ba inda za a gudu. Wuta takan ɗauke a unguwar kwana biyu a jere, amma ginin na da janareto, bai taɓa ƙyafta ido ba. Cikin wata guda Baba ya rame. Likita ya auna jininsa ya ce maganinsa barci, kamar abin da ake sayarwa a kemis.

Da manyan Mai Fitila suka zo neman aure, Baba ya karɓe su da mutunci, ya sallame su da magana ɗaya.

"Yaron da na ba aron taga ya saka mini rana a ido, shi zan ba 'yata?"

A lokacin ne manajan ginin ya ɓullo, da mota da kwandon lemo. Ya ce ya zo ba da haƙuri a madadin kamfani, kuma za a duba lamarin. Ya duba lamarin sau shida, kullum a gidansu, kullum idonsa a kan Auta. A zuwa na shida ya rage murya ya ce, "Tsakanina da ke, yaron nan ne ya ƙi a taɓa fitilun. Wai aikinsa ne na farko babba, da shi yake tallar kansa."

Mai Fitila ya riga ya yi mata alkawarin gyara kafin Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce, ginin na ƙyalli. Ta daina ɗaga wayarsa.

Ya rubuto: "Haskena, sau uku ina kai takarda ofis, ba amsa. Ki ba ni lokaci."

Ta mayar: "Kada ka ƙara kirana da wannan sunan. Haske ya ishe mu a gidan nan."

Ran Asabar da la'asar Mai Fitila ya jingina tsani shi kaɗai, ya karkatar da fitila huɗu ƙasa. Magariba ta yi, ɗakin Baba ya yi duhu karo na farko cikin mako bakwai. Tsohon ya kwanta, bai motsa ba sai da hantsi. Auta ta leƙa shi sau uku tana sauraren numfashinsa.

Sai dai duhun da ya bar ɗakin Baba bai ɓace ba, a kan haruffan Ciyaman ya sauka. Ran Litinin Manaja ya hau bene yana murmushi.

"An dakatar da mutuminki. Ciyaman ya ba shi mako guda, ko ya mayar da fitilun ko ya tafi, kuma ba kamfanin da zai ƙara ɗaukarsa a garin nan. Sau uku ina hana shi taɓa su, bai ji ba."

"Kai ka hana shi?"

Manaja ya gane bakinsa ya riga shi. Ya sauka, ya bar kwandon lemo na bakwai.

Auta ta kira Mai Fitila tana kuka. "Ka yafe mini. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Kin daina ɗaga waya, Haskena. Baba ya yi barci?"

"Har da minshari."

"To shi ke nan, na ci riba."

Baba na daga ɗaki yana ji. Washegari ya aika a kira saurayin, ya zaunar da shi a bakin gado.

"Da me za ka riƙe ta?"

"Allah zai buɗa wata ƙofar, Baba."

"Zai buɗa. Amma na daɗe a tasha, ɗana, na ga masu jiranta. Wasu da furfura suka bar bencin." Ya yi tari. "Je ka mayar musu da fitilunsu. Na ba ka ita."

"Baba, barcinka fa?"

"Likita ya canza mini magani. Yanzu ko a tsakiyar kasuwa ka ajiye ni sai in yi barci."

Auta ce ke karɓo masa magani, ta san ba a canza komai ba. Ta buɗe baki, Baba ya kalle ta, ta rufe. Tana son auren, kuma ta san tana so.

Aka mayar da fitilu, aka mayar da Mai Fitila bakin aiki, aka ɗaura aure bayan wata biyu. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari, jama'a suka ce amin. Ciyaman ma ya aiko da agogon bango mai tambarin kamfani.

Kwana takwas da tarewa, Auta ta zo gaida Baba da sassafe ba tare da ta kira ba. Gadonsa a gyare yake tsaf, zanin ko lanƙwasa babu. A kicin ta same shi, can ta baya, inda taga ba ta wuce faɗin faranti ba kuma bango take kallo. Yana durƙushe yana naɗe tabarma tsakanin tukunyar gas da wurin wanke-wanke. Filo na kan firji, abin shaƙarsa na asma na gefen famfo.

"Baba."

"Nan ya fi iska," in ji shi, yana haki.

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shiga, ta kasa fita.

"Kada ki faɗa wa mijinki, Auta. Tsani yake hawa, bai kamata hankalinsa ya rabu ba. Allah ya yi muku albarka." Ya dafa bango ya miƙe a hankali, ya tura tabarmar bayan ƙofa da ƙafa. "Ɗora mana shayi."