Ɓarawon Da Ya Bar Sabuwa Ya Ɗauki Tsohuwa

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis wata mata ta faɗo ofishin Sufeto ko sallama babu, tana haki.

"Yallaɓai, an kashe ni. An ɗauke kwamfutar."

Sufeto ya shekara ashirin da biyu cikin kaki. Ya kamo masu fasa shago, ya kamo masu yankan aljihu, amma shi da kwamfuta sai gaisuwa daga nesa. Ya ja littafinsa, ya ce ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla.

Matar tana da shagon surfani, irin wanda inji ke yi. Mijinta ne ya kafa shi, ya rasu ya bar mata. Injin ba ya motsi sai da umarnin kwamfutar, kuma duk zanen da marigayin ya yi da hannunsa, sama da dubu uku, a cikinta suke. Ranar Litinin wata makaranta za ta zo karɓar bajon rigunan ɗalibai ɗari huɗu, ko rabi ba a yi ba. In kwamfutar ba ta dawo ba, shagon ya mutu, teloli biyar sun rasa abin yi.

"Sabuwa ce, Hajiya?"

"Ina fa! Ta girmi jikana na fari."

Da suka isa shagon shi da Kofur, kan Sufeto ya fara ɗaurewa. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba. A kan teburin ga ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka sabuwa fil a jakarta, ga allo sabo, duk ɓarawon bai kula su ba. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauke tsohon akwatin kwamfuta mai nauyin buhun siminti.

"Oga, wannan ɓarawon ko mahaukaci ne ko waliyyi," in ji Kofur.

"Mutum nawa ke da makulli, Hajiya?"

"Uku. Ni, da autata, da Baba Mai Inji."

Sufeto ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin. Wayoyi shida na kwance a jere, ba wadda aka fizge. Kowace an manna mata 'yar takarda da rubutu: wuta, allo, inji, da sauransu. Kuma kowace an ɗaura mata zaren surfani, wannan ja, wannan kore, wannan ruwan ɗorawa.

"Wa ya yi rubutun nan?"

"Mai gyara ne, jiya da yamma. Ya rubuta a jikin wayoyin, ya rubuta a bayan akwatin, wai don kada a rikice ranar sabuntawa."

"Zaren fa?"

Hajiya ta ƙura ido. "Jiya dai babu shi."

"Ranar sabunta me?"

Da ma bai tambaya ba. Hajiya ta ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ce ta tsufa, masu ita sun daina kula da ita. Mai gyara ya ce in ba a sabunta ba, wata rana cuta za ta shiga ta cinye zanen. In kuma an sabunta, mai yiwuwa injin ya ƙi jin maganar sabuwar. Wata uku ke nan tana juya abin. Ranar Litinin ta ce a yi, Talata ta ce a bari, jiya da safe ta ce a yi, da yamma ta ce a dakata tukuna.

"To yanzu an yi ko ba a yi ba?"

"Ni ma, Yallaɓai, sai na tuna."

Sufeto ya rubuta "manhaja" a littafinsa, ya ja mata layi biyu, ya rasa abin da zai ƙara.

Ya fara da Auta, mai kula da masu kawo aiki. Budurwa ce mai saurin baki.

"Yaushe kika bar shagon jiya?"

"Ƙarfe shida. Ban sake takowa ba sai da Umma ta kira ni ɗazu."

"Kina son a sabunta?"

"Tun bara nake faɗa. Umma ce da Baba suke riƙe da abin kamar gadon kakanni."

Mai gyara, wanda aka kira daga shagonsa, ya zo yana share gumi. Ya rantse tun jiya bai ga ko ƙofar wurin ba. Ya kuma shiga yi wa Sufeto bayanin manhaja da yatsu goma, har sai da Sufeto ya ce ya isa, don Allah.

Baba Mai Inji na zaune kusa da injinsa, hannu a kan gwiwa. Dattijo ne mai furfura, shekararsa goma sha tara a shagon, kuma shi kaɗai ke sarrafa kwamfutar.

"Baba, ƙarfe nawa ka zo yau?"

"Takwas da rabi, ranka ya daɗe. Na tarar da wurin wayam."

"Kai me ka gani game da sabuntawar?"

"Ni ɗan aiki ne. Abin da uwar ɗakina ta ce shi ke nan."

Kofur ya rubuta bayanin kowa a takarda daban. Sannan ya tsallaka wurin mai shagon kayan masarufi da ke fuskantarsu, ya dawo yana murmushi.

"Oga, ƙarfe bakwai na safen nan an ga motar Auta a ƙofa. Ita da mai gyara suka shiga, minti biyar suka fito kamar an koro su."

Sufeto ya sa aka dawo da su biyun. Auta ta fara kame-kame, mai gyara ya yi tsuru-tsuru, can sai ya fashe.

"Wallahi ita ta ce in zo! Jiya a bakin injin can ta ja ni gefe, ta ce mu sabunta da sassafe kafin Hajiya ta sake canza magana. Muna zuwa muka ga babu kwamfuta."

"Na zaci Umma ce ta gano mu ta ɓoye," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa. "Shi ya sa na yi shiru."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Auta! A bayan idona?"

Sufeto ya koma gefe yana sosa ƙeya. Ga maƙaryata biyu a hannu, amma ƙaryar tasu ba ta kai shi ko'ina ba. Masu son sabunta kwamfuta me zai sa su sace ta? Kuma mai gyara da ya yi rubutu da hannunsa, me zai yi da zare? Gaskiya a lokacin nan ya fara tunanin ko Hajiyar ce ta ɗauke abarta ta manta.

Ya gaji, ya ce kowa ya karanta bayaninsa ya sa hannu, a ci gaba a ofis. Ya rarraba takardun hankalinsa na wani wuri.

Baba Mai Inji ya karɓi tasa, ya gyara tabarau, ya bi ta da ido tun daga sama har ƙasa, yana gyaɗa kai.

"Haka na faɗa, ranka ya daɗe. Babu ragi babu ƙari." Ya ja wani ɗan zane a ƙasa, ya miƙa.

"Yallaɓai, wannan ba tawa ba ce," in ji mai gyara daga can. "An rubuta shekarata sittin da uku."

Sufeto ya dubi takardar da Baba ya sa wa hannu. Layin farko cewa ya yi: ni mai gyaran kwamfuta ne, shekarata talatin da ɗaya. Shi da kansa ne ya haɗa takardun baibai. Ya sake duban takardar, ya dubi wayoyin da ke ƙarƙashin tebur.

Ya ja kujera ya zauna dab da dattijon, ya sassauta murya.

"Baba, karanta min layin farko."

Dattijon ya riƙe takardar. Ya ƙura mata ido.

"Wanda ya ɗauki kwamfutar nan yana da niyyar dawo da ita," in ji Sufeto. "Yana tsoron kada ya rikita wayoyin. Ga rubutu a jikinsu ɓaro-ɓaro, amma sai da ya ɗaura zare, domin rubutun ba ya yi masa amfani. Tana ina, Baba?"

Baba ya cire tabarau ya ajiye a kan injin.

"Tana gidana, ƙarƙashin gado. Na naɗe ta da bargo, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Ƙarfe shida na zo da baro."

Baba ya numfasa, ya ci gaba.

"Ban iya karatu ba, ranka ya daɗe, ko harafi ɗaya. Wuri na haddace. Na uku daga hagu, in sauko biyu, in danna, hotunan zane su fito. Haka nake yi shekara goma sha tara. Mai gyara ya ce a sabuwar komai zai canza mazauni, sai mutum ya karanta. Jiya ina bayan inji na ji abin da suka ƙulla. Na ce yau asirina zai tonu a gaban yaran da nake koya wa aiki. Na ce bari in ɓoye ta kwana biyu, ko maganar ta bi ruwa."

"Bajon makarantar fa?" in ji Auta.

"Ban yi tunanin nan ba, 'yata. Tsoro bai bar ni na yi tunanin komai ba."

Sufeto ya ji tausayinsa har cikin ransa, amma an riga an shigar da ƙara. Ya ce Kofur ya je da Auta su ɗauko kwamfutar, Baba kuma ya biyo shi ofis. In Hajiya na son janyewa, sai ta zo can ta rubuta.

Sun kai bakin ƙofa Hajiya ta sha gabansu, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ai na sani."

Dattijon ya ɗago.

"Tun shekararka ta farko maigidana ya gane. Shi ya jera maka komai a allon yadda za ka riƙe, ya ce kada in kuskura in nuna maka mun sani. Me kake zaton ya hana ni yanke shawara wata uku? Injin ne? Kai nake tunani."

Baba ya dube ta.

"Da kin faɗa min, Hajiya."

"Kunyarka nake ji."

"Ni ma taki nake ji," in ji shi. "Shekara goma sha tara."

Sufeto ya buɗe masa ƙofar gaban mota maimakon ta baya. Dattijon ya shiga ya zauna, ya rufe fuska da hularsa, suka kama hanyar ofis.