Barcin da Sada Bai Yi Ba

Duk wanda ya taɓa ɗaukar tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Legas ya san cewa barci ya fi 'yan fashi da ramukan hanyar Mokwa cin direba. Tumatir ba ya jiran kowa. Ka tsaya ka ɗan runtsa, kafin ka shiga kasuwa ruwa na tsiyaya daga kwanduna, dillalai su taya maka tayin wulaƙanci.

Sada mutumin Kura ne, ya daɗe yana tuƙa motar mutane. Direba ne na gaske, wannan kam ba a hana shi, sai dai idonsa ya fi cikinsa girma. Ranar da Alhaji Muhammadu Sani mai injin casar shinkafa ya nuna masa wata jar babbar mota ƙirar Daf, bai ma bari an gama faɗin sharaɗi ba. Sharaɗin kuwa shi ne ya riƙe mota yana biya duk wata har ta zama tasa. In ya gaza sau biyu, a karɓe ta, abin da ya zuba ya bi ruwa.

Maƙwabcinsa Gideon, tsohon direba ɗan Filato da ya koma noman albasa, ya ja shi gefe.

"Sada, na taɓa shiga irin wannan. Motar ba za ta bar ka ka huta ba, mai ita ma haka. Ka zauna a kan albashinka."

"Oga Gideon, tsufa ne ya fara taɓa ka," in ji Sada yana dariya.

To, ba a yi nisa ba dariyar ta ƙare. Goro ya gaza, shayi mai kauri ya gaza. Wata rana bayan Jebba gyangyaɗi ya sace shi, ya farka ya ga motar a cikin rami, kwanduna a warwatse. Watan nan bai biya ba. Saura gazawa ɗaya kenan. A tasha ne wani ɗan kamasho ya raɗa masa cewa akwai wani boka a bayan Bunkure da manyan direbobi ke zuwa gunsa.

Da tsakar rana ya je. Wurin wani tsohon ɗakin masu gadin ruwa ne, a bakin magudanar da ta daɗe da ƙafewa. Waje rana na ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar ƙasan randa. Bangon cike yake da madubban motocin da suka yi hatsari, duk an juya fuskarsu ga bango. A kusurwa ga tarin matasan kai har kusan rufi, wasu na manya, wasu ƙanana, kowanne da baƙin ɗinki a bakinsa. A kan tarin wata mujiya ce zaune, ƙafarta ɗaure da zare. Bokan kansa ba shi da gashin ido ko ɗaya, kuma tunda Sada ya shiga bai ga ya ƙifta ba.

"Baba, kuɗi nake so."

"Ƙarya kake, direba. Kuɗi suna kan hanya, kai ne ba ka isa inda suke. Barci ke tare ka."

"To a cire mini shi."

"Ba a cire barci. Sauke shi ake yi a wani wuri. Mutum nawa ke kwana a gidanka?"

"Mahaifiyata, da matata, da 'yata Rauda."

"Kawo matashin kowacce."

"Me zai same su?"

"Barci. Ka taɓa jin barci ya yi wa mace illa?"

"Ni dai ba na son harkar jini, Baba."

"Wa ya yi maka zancen jini? Ko kaza ba zan karɓa ba."

Wannan maganar ce ta kwantar wa Sada da hankali, ita ce kuwa ya kamata ta sa shi ya fita da gudu. Amma mai son abu ba ya jin abin da ba ya so. Ya sayo sababbin matasai ya musanya, matan gidan har godiya suka yi masa. Boka ya farke kowanne, ya sa Sada ya yi hamma a ciki, ya ɗinke da baƙin zare. Sannan ya shafa masa wani kwalli mai sanyi da ya ratsa har ƙeyarsa.

Daga ranar Sada ya zama abin magana a Kadawa da Kura. Ya yi lodi, ya sauke a Legas tumatir na sheƙi kamar yanzu aka tsinko, ya ɗauko kaya ya juyo, ya sake lodi injin bai huce ba. Yana wuce direbobi kwance ƙarƙashin motocinsu a Mokwa, ya danna musu hon don tsokana. Manoma suka riƙa rububinsa. Ya rufa gida da sabon kwano, ya sa sola, ya saya wa matarsa Halimatu Sa'adiyya firji. Alhaji da kansa ya fara miƙa masa hannu biyu.

Iyatu, mahaifiyarsa, ita ce ta fara. Tsohuwar da ke riga ladan tashi ta koma sai an girgiza ta. Wata safiya aka girgiza, ba ta tashi ba. Aka ce tsufa ne, shi ma Sada ya ce tsufa ne. Bayan addu'ar uku ya tada mota.

Sai abin ya koma kan Halimatu Sa'adiyya. Ta yi barci a tsaye tana tankaɗe, ta yi barci a sujada. Abin da ya fi tada tsigar jikin maƙwabta shi ne surutun da take yi idonta a rufe. Matar da ba ta taɓa wuce Zariya ba tana kiran Tegina da Ogbomosho, tana cewa a rage gudu akwai kwana, hannuwanta biyu a sama kamar mai riƙe da sitiyari. An kai ta asibiti an yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Wani yammaci da ta ɗan farfaɗo ta dube shi.

"Baban Rauda, na gaji. Ban je ko'ina ba, amma wallahi na gaji."

Yana kan hanya ta cika.

A nan kam ƙaryar da yake wa kansa ta ƙare. Ya koma wurin boka a bayan Bunkure.

"Baba, a warware. 'Yata kaɗai ta rage mini."

"Abu mai sauƙi. In farke ɗinkin yanzu, yarinya ta tsira. Sai dai duk barcin da ka tsallake zai dawo maka a lokaci guda."

"Zan farka?"

"Wasu suna farkawa."

Sada ya tsaya yana kallon ƙaramin matashin Rauda a cikin tarin. Biya ɗaya ya rage motar ta zama tasa, kuma ƙarshen wata ya matso. In ya kwanta yanzu, Alhaji ya karɓe ta, mutuwar uwarsa da ta matarsa sun tashi a banza kenan. Haka ya gaya wa kansa, la'ananne, kamar mota za ta biya diyyar rai.

"Bari in yi sawu ɗaya in dawo."



Rauda, 'yar aji uku a firamare, tana hannun Tabitha matar Gideon tun rasuwar uwarta. Da ya je sallama ta riƙe masa riga.

"Baba, kar ka tafi. In ka tafi barci nake ji, kuma ina ganin wata doguwar gada da ruwa a ƙarƙashi."

Gideon ya bi shi har bakin mota. "Sada, ban san me ka yi ba, ban kuma tambaye ka ba. Amma ka dubi yarinyar nan. Don Allah ka sauko."

"Jibi ina nan, Oga Gideon."

Ya je, ya sauke, ya sami ciniki irin wanda bai taɓa samu ba. Yana dawowa, dab da Kwanar Dangora, wayarsa ta yi ƙara. Muryar Gideon ce.

"Ka taho a hankali. Babu sauran abin yi wa sauri."

Bayan jana'izar Rauda ya ruga wurin boka yana roƙo a farke ɗinkin, a bar shi ya kwanta ko da ba zai tashi ba. Bokan ya ce ai wadda ke riƙe da bakin zaren ta tafi da shi ƙasa, babu abin da ya rage a farke.

Gajiyar duk ta dawo wa Sada, tunda babu sauran mai ɗaukar masa, amma barcin bai biyo ta ba. Yana jin ta a ƙashi da ɓargo, idonsa kuwa a bushe, ja wur. Bai sake iya riƙe sitiyari ba. Yanzu yawo yake a gefen magudanar ruwa tsakanin Kura da Bunkure, rigarsa a yage. Ba ya bara, ba ya dukan kowa. In ya tarar da manomi ya miƙe a inuwa bayan ban-ruwa, sai ya tsuguna kusa da shi ya zuba masa ido.

To, ku direbobi, da ku masu ƙyashin abin hannun wani, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku abu ya ƙi faɗin kuɗinsa, ya riga ya ga abin da zai ɗauka a gidanku, kuma ba a kanku zai fara ba. Wanda ke ganin almara ce ya je ya kwanta a bakin magudanar nan. Zai farka ya ga Sada a kansa, yana tambayarsa a hankali, cikin ladabi:

"Bawan Allah, don girman Allah gaya mini, yaya ake yi? Ido ake fara rufewa?"