Karkataccen Kunnen Dogo

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. In hoto ya karkata a bango, sai ta hau kujera ta daidaita shi. Takalman gidan ma a layi suke kwana. Shi ya sa Mama take ce mata Uwar Gyara.

Babanta makaɗi ne. Abin kiɗansa wani dogon katako ne mai tsirkiyoyi da yawa, mai aiki da lantarki. Ba a kaɗa shi kamar jita. Da kan yatsu ake danna tsirkiyoyin, hannu bibbiyu. Na dama yana bin sirara, na hagu yana bin masu kauri. A gidan, Dogo ake ce masa. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai wani ɗan baƙin akwati da ke kwasar sauti ya kai wa lasifika. Baba yana ce masa kunnen Dogo.

Bara mota ta buge Baba a kan babur. Ya tashi, amma hannunsa na hagu bai dawo yadda yake ba. Ko kofin shayi sai ya tallafe da na dama. Kullum yana bakin taga yana matsa wani jan ƙwallon roba. Da rana ya rufe ƙofa, daga shi sai Dogo. Da farko sai ka kasa kunne kafin ka ji sautin tsirkiyoyi masu kaurin. A hankali suka fara fitowa.

Wata Asabar shugaban ƙungiyarsu ta makaɗa ya ce Baba ya zo gwaji. In hannun ya iya, gurbinsa yana nan. In bai iya ba, za su ɗauki wani.

Da safe Baba ya ce, "Uwata, goge mini Dogo kafin in fito wanka. Gogewa kawai fa."

"To, Baba."

Tana cikin gogewa sai idonta ya faɗa kan kunnen. A karkace yake! Gefen masu kauri ya taso har ya kusa taɓa tsirkiya. Ɗaya gefen yana can ƙasa.

"Haba," ta ce a ranta. "A haka Baba zai shiga cikin mutane?"

Ta ɗauko sukudireba a aljihun tebur. Ta murɗa notin gefen da ya taso har ya sauka. Ta duba da ido ɗaya. Ya yi ɗas. Ta sa Dogo a jaka ta ja zif, tana jin daɗin kanta.

Ita ta riƙe wa Baba wayar haɗa Dogo da lasifika har ɗakin gwaji. Kawu mai ganga, aminin Baba, ya tare su a ƙofa.

"A'a! Mai hannun aro ya dawo! Yau za mu ga ko kwanciya ta ƙara maka basira."

Baba ya yi dariya. Aka fara.

Sirara suka tashi rau. Masu kauri kuwa kamar daga ƙasan rijiya. Baba ya ƙara dannawa. Jijiyoyin wuyansa suka fito. Aka ƙara wa lasifika murya, sai sirara suka yi ta tsaga kunne, masu kauri suna nan a baya. Gumi ya jiƙa rigarsa. Daga ƙarshe yatsun hagu suka tsaya.

Kawu ya sunkuyar da kai a kan gangarsa.

Shugaban ya ce a hankali, "Ko a ƙara maka lokaci?"

Baba ya kalli hannunsa. "A'a. Ashe a ɗaki kaina nake ruɗi. Ku nemi wani."

Da suka isa gida Baba ya tura Dogo ƙarƙashin gado. Jan ƙwallon ya gangara bayan kujera, bai ɗauko ba. Mama ta kawo abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

"Mama, Baba zai sake kiɗa?"

"Ki bar shi ya huta, Uwar Gyara. Ya ce wa kawunki ya zo ran Litinin ya tafi da Dogo. Wai ba ya son ganinsa."

Yarinyar ta yi kuka. Amma ko kaɗan ba ta kawo sukudireba a ranta ba. Ai ita gyara ta yi.

Ran Litinin ita ce mai sharar aji. Ta jera tebura a layi. Akwai guda ɗaya da kullum yake fitowa gaba, kusa da allo. Ta tura shi ya koma cikin 'yan'uwansa.

Malama ta shigo ta tsaya. "Wa ya mayar da teburin nan baya?"

"Ni ce, Malama. Ya ɓata layi."

"Kin tambayi dalili? Mai zama a nan ba ta gani sosai. Ni na matso da shi don ta ga allo. Layi ya yi kyau, ita kuma kin bar ta a duhu."

Uwar Gyara ta kalli teburin. An matso da shi kusa, saboda mai rauni. Ta tuna gefen kunnen Dogo da ya taso. Gefen hannun hagu ne.

Ana tashi ta kwasa da gudu. A ƙofar gida ta ci karo da Kawu, jakar Dogo a kafaɗarsa.

"Kawu, don Allah tsaya! Baba! Ba hannunka ba ne, ni ce!"

Baba ya fito. "Ke ce me?"

"Na ga kunnen a karkace. Na murɗa noti na daidaita shi."

Baba ya karɓi jakar ya buɗe. Ya daɗe yana kallon kunnen, a miƙe sumul. Fuskarsa ta ɗaure.

"Me na ce ki yi ran nan?"

"Gogewa kawai."

"Kin san wata nawa na yi ina neman wannan karkatar? Hannun nan ba ya dannawa da ƙarfi. Shi ya sa na ɗago kunnen kusa da tsirkiyoyinsa, don ya ji su daidai da sauran."

"Ka yi haƙuri, Baba."

Ya sauke numfashi. "Ni ma ban ko duba ba. Hannuna na fara zargi." Ya miƙa mata sukudireba. "Ke kika sauke, ke za ki ɗaga."

Aka haɗa lasifika. Baba ya danna siririya, ya danna mai kauri.

"Murɗa kaɗan. Ƙara. Kada ki duba da ido, saurara."

Ta ƙara. Tsirkiya ta yi zzz.

"Ya yi yawa, yana taɓa ta. Koma baya."

Ta koma. Ya sake dannawa. Siririya ta yi magana, mai kauri ta amsa, babu wadda ta danne wata. Baba ya saki hannu biyu. Kiɗa ya cika ɗakin har Mama ta fito da ludayi a hannu.

Kawu ya buga cinya. "To, ni dai na huta da dako. Bari in je in gaya wa shugaba kada ya yi gaggawa!"

Asabar ta gaba Baba ya koma gwaji, kuma gurbinsa ya dawo hannunsa.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa ba duk abin da ya karkace ne ya lalace ba. Kafin ka gyara kayan wani, ka tambaye shi.

Da yamma ta ga hoton falo ya karkata. Ta sa ƙafa a kujera, sai ta sauke.

"Mama, wannan da gangan ne?"

Mama ta yi dariya. "A'a, Uwar Gyara. Wannan kam hau ki gyara."