Wayar da Na'Allah Ya Ɗaura a Tsamiya

Magariba ta kawo jiki a Horo Birni, awaki sun shigo, hayaƙin murhu ya kwanta a kan danga. Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, shekarar da gero ya ƙone a tsaye. Na'Allah yana durƙushe a bayan ɗakinsa, ya gaji tiɓis, yana duba aikin da ya cinye masa yini.

Tsohon sojan sigina ne, yanzu mai gyaran rediyo a kasuwar Boɗinga. Ɗansa Maniru ya tafi ci-rani arewa, damina biyu ba labari. Sai wani direba ya ce ya gan shi wajen masu aikin hanya can cikin hamada, kuma suna da oba-oba, sukan yi magana bayan magariba. Maganar nan ita ta hana Na'Allah sakat. Ya warware wayar tagulla daga wani mataccen inji, ya ɗaura bakinta a reshen tsamiyar bayan gida, ya sa wuyan kwalba don kada ta taɓa icce, ya ja ta har cikin ɗaki, ya haɗa da tsohon akwatin rediyonsa da batirin mota, ko zai kamo muryarsu. Saura rodin da ya kafa a ƙasa, inda saiwar tsamiyar ta ratso. Rodin yana son laima, ƙasa kuwa ta bushe ƙamas.

"Safinatu," ya kira ɗiyarsa, "ɗauko ruwan wankan nan ki zuba ga rodin, na yahe wankan."

Ruwan yana tururi ta kwarara shi, da magariba tsaka, ba wanda ya tuna da bisimilla. Ai kuwa sai wani abu ya yi ƙara siririya daga cikin ƙasa, kamar jinjiri. Kafin su haɗa ido, dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Daga ranar gidan bai ƙara sanin hutu ba. Rana na faɗuwa jifa ke farawa, a fita a duba, ba kowa. Safinatu ta bar cin abinci, sai ta zauna a ƙarƙashin wayar ta toshe kunnuwa tana nishi irin na tsofaffi. Uwarta Hajjo ta yi hayaƙi, ta yi shafe-shafe, har ta rame ta fi marar lafiyar. Shi kuwa gogan, wallahi abin tausayi, kullum yana manne da akwati yana murɗawa, yana kiran sunan ɗansa cikin shuuu da harsunan da bai sani ba. Da ya ga yarinya ta daina gane uwarta, ya hau keke ya ɗauko Malam Mode daga Dingyaɗi.

Malam ya iso rana ta yi ja. Ya zauna a kan buzu, ya daɗe yana karatu a hankali, har jikin Safinatu ya sandare. Sannan ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, a dushe, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Ni ma na gaji."

"Wace ce ke? Mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Mai tsamiyar nan ce. Ɗiyana duk sun yi kudu saboda fari, jika guda anka bar min, an ƙone ta da ruwan zahi. Kuma an ɗauro min surutun duniya bisa ɗakina, ba ni barci."

"Ba da sani anka yi ba. Za a kwance wayar, a yi sadakar nono gindin iccen. Ki hita don girman Allah."

Sai kan Safinatu ya juyo sannu sannu wajen Na'Allah.

"Kai mai waya. Ni ina jin abin da akwatinka bai kamawa. Na ji muryar da kake nema. Bar min yarinyar ta yi jinyar jikata har damina, in hwaɗa maka inda yake."

Na'Allah ya dubi Malam. "Allah gafarta Malam, gaskiya take hwaɗi?"

"Ban sani ba," in ji Malam Mode. "Ɗiya dai taka ce."

Ya dubi Hajjo. Hawaye kawai take, hannunta riƙe da ƙafar Safinatu wadda ta zama kamar sillen kara. Yana so ya tambaya, ko kalma guda, Maniru yana raye ko ba ya raye. Ya san in ya tambaya ya shiga ciniki. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki filaya, ya hau tsamiyar da bisimilla a bakinsa, ya datse wayar.

Safinatu ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta. Can ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Inna, akwai sauran hura?"

Jifa ta tsaya tun daga daren. Na'Allah ya tura akwatin ƙarƙashin gado, bai sake taɓa shi ba. Wayar kuwa Hajjo ta ɗaura ta tsakanin rumbu da danga ta zama igiyar shanya. Duk Juma'a takan wanke rigar Maniru ta shanya a kanta, shi kuma Na'Allah in ya dawo masallaci sai ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashi, ba ya ɗaga kai.