Rabon Na Ƙasa

Burodi na fita saya gab da magariba, a hunturun 1984. Lokacin ina haya ni kaɗai a Washington, ina karatu a College Park. Kaɗaici kuwa ya ci ni ya cinye. Sai in yi mako ba wanda ya kira sunana, Dalyop, ko da a karkace.

A ƙarshen layinmu akwai wani kango na jan bulo. Mai gidan da nake haya, tsohuwa Olive, ta ce gidan yin giya ne na wasu Jamusawa, tun daga kaka har jika, kuma su suka gina wa ma'aikatansu gidajen layin. An rufe shi tun ba a haife ni ba. 'Ya'ya suka watse, tsohon da ya gaji gidan ya mutu a ciki shi kaɗai.

Na zo wucewa ke nan ƙamshi ya tare ni. Tsiron hatsi ake dafawa, na yin giya. Ni za a gaya wa? Ɗan mai burkutu ne ni, a gindin tukunyar Mama na girma a garinmu Vom. Wallahi sai da hawaye ya zo mini.

Ƙofar a buɗe take. Na shiga.

Wuta na ci. Wani tsohon Bature na juya ƙatuwar tukunya, tana tafasa ɓul-ɓul.

"Sannu da aiki, Baba."

"Zauna, ɗana," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗanɗana, ka zauna da ni."

Ya miƙo kofi. Yana tururi, amma sanyinsa har ƙashi. Inuwata na bango. Tasa babu.

Na gani sarai, duk da haka na so in sha. Tun zuwana ƙasar nan ba wanda ya ce mini zauna.

Sai dai hannu ya riga baki. A gidanmu ba a shan ƙwaryar farko sai an ɗiga wa na ƙasa, waɗanda suka riga mu. Fasto ya yi faɗa har ya gaji, Mama ba ta daina ba. Na karkata kofin.

Giyar ba ta taɓa ƙasa ba.

Na ji haɗiya, ƙwat, a maƙogwaron tsohon.

"Ashe akwai mai tunawa," ya ce. "Tafi, ɗana. Da ka sha, da ba ka fita ba."

Wutar ta mutu. Duhu, warin ɓera, iska. Na fita da rarrafe, gwiwoyina duk jini.

Ban ƙara jin ƙamshin ba. Amma duk Asabar ina zuwa daga Landover, inda nake zaune yanzu, in ɗiga masa giya a bakin ƙofar, kuma ba tsoro ke kai ni ba. 'Ya'yana nan aka haife su, in na yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Duk lokacin da na karkata kwalbar, sai in ce a raina: ni kuma wa zai ɗiga mini?